Daga Ƙasa Hanya Take Mutuwa: Tarihin Hasashen Lotsewar Titi a Kwarin Rima

A watan Yunin 1853, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya baro Gwandu ya nufi Sayi a bakin Kwara. Hanya ta bi da shi ta Birnin Kebbi, daga nan ya gangara fadamar gulbi ya haura wajen Zogirma. Cikin abin da ya rubuta game da yankin akwai abu biyu da har yau ba su tsufa ba: albarkar shinkafa, da wahalar ratsa ƙasar da ke haifar da ita idan damina ta yi nisa.

Shekara fiye da 170 ke nan. Raƙumi da jaki sun bar wa tirela hanya, amma tambayar da ke gaban mai ɗauke da kaya a bakin fadama tana nan yadda take: ƙasar nan za ta ɗauka, ko za ta lotsa? Fatake sun amsa ta da ido, da sandar da ake caka wa taɓo, da sanin watan da ake tafiya da wanda ake zama. Injiniyan yau kuwa da lissafi ake so ya amsa ta, kuma amsar ta riƙe shekara 15 ko 20, tun kafin a sauke tifar burji ko ɗaya.

Idan titi ya lalace, a kan kwalta idon jama'a yake sauka, sai a ce an yi ta ba kauri. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma tarihin gina hanya na shekara 200 ya fi nuna yatsa ga abin da ido ba ya gani, wato ƙasar da aka ɗora titin a kanta, da ruwan da ke cikinta, da nauyin da ke bi ta kai. Labarin yadda aka koyi hasashen halin wannan ƙasa ya shafi kwarin Rima kai tsaye, domin wurare kaɗan ne a Arewa suke gwada wannan ilimi kamar yadda shi yake gwada shi.

Tudu da fadama

Birnin Kebbi da Argungu, da ke da tazarar kimanin kilomita 50, duka a gefen tudu suke zaune suna kallon fadama. Tudun wani ɓangare ne na jerin ƙasar da masana suka raɗa wa sunan Gwandu: rairayi da yumɓu hawa-hawa, marmara ta rufe su a sama a wurare da dama. Ƙasa ce da ruwa ba ya daɗewa a kanta, mai ƙarfi idan ta bushe, kuma daga jikinta ake haƙo burji. Fadamar kuwa, mai faɗin kilomita da dama, abin da gulbi ya kwaso ya jibge ne shekara bayan shekara: laka, da lallausan yashi, da baƙin yumɓu mai kumbura da damina ya tsattsage da rani. Ruwan sama na kimanin milimita 800 yana zuba kusan gaba ɗayansa tsakanin Yuni da Satumba, a kan wannan kuma ga ruwan da Rima ke kawowa daga nesa.

Magabata sun san bambancin nan sarai. A kan tudu Kanta ya gina Surame a ƙarni na 16, da ganuwar dutse da har yau ake ganin kufanta. Bayan Birnin Kebbi ya faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, Kabawan da suka sake kafuwa a Argungu sun sami garkuwa a fadama, domin ƙasar da ke riƙe ƙafar doki ba ta yi wa mai kawo hari daɗi. Laushin da ya tsare gari jiya shi ne yake cin kuɗin gwamnati yau.

Turawan Ingila sun iso Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903. Hanyoyin motar da En'e da ma'aikatar ayyuka suka share daga baya iri biyu ne: hanyar rani, wadda ake haƙura da ita da zarar ruwa ya sauka, da hanyar burji da ake fatan ta kai ƙarshen damina. A sassan Afirka ta Yamma, musamman ƙasashen da Faransa ta mulka, har shinge ake sa wa hanyar burji bayan ruwan sama, a tsare manyan motoci sai ƙasa ta sha iska. Dabarar tana da ma'ana: tunda ba a iya hana ƙasa jiƙa, sai a ɗauke mata kaya har ta farfaɗo.

Akwai kuma abin da ba a gina ba, wanda ya fi abin da aka gina tasiri. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa na yamma ya kai Ƙaura Namoda a 1929, nan ya tsaya. Bai taɓa shiga Sakkwato ko ƙasar Kabi ba. Saboda haka shinkafar fadama, da albasar Aliero, da shanu, da taki, da man fetur, da simintin Kalambaina da aka fara yi a 1967, duk a kan taya suke tafiya. Nauyin da a wasu wurare ƙarfen dogo yake ɗauka, a nan ƙasa ce take ɗaukarsa.

Abin da kwalta take rufewa

Titin kwalta, wanda injiniyoyi ke kira shimfiɗa mai tanƙwaruwa don bambanta shi da na kankare, hawa-hawa ake gina shi. A sama akwai kwalta da aka cuɗa da tsakuwa, kaurinta sau da yawa santimita 4 zuwa 10. Ƙarƙashinta fasasshen dutse ko zaɓaɓɓen burji, ƙarƙashin wannan kuma burji mai matsakaicin ƙarfi. Can ƙasan duka sai ƙasar gindi, wato ƙasar wurin ko cikon da aka zuba aka danƙare.

Ɗan Sikotland John Loudon McAdam, wanda aka ba kula da hanyoyin yankin Bristol a 1816, shi ya fara fito da matsayin wannan ƙasa fili. Takwaransa Thomas Telford manyan duwatsu yake jerawa a gindin hanya. McAdam ya ce ba sai an yi haka ba: ƙasar wurin ita ce mai ɗaukar kaya, kuma za ta ɗauka muddin tana bushe. Aikin dutsen da ke sama, a ganinsa, ya zama rufi. Ya yi zaton busasshiyar ƙasa ba ta da iyaka, a nan ya zarce, amma tushen maganarsa bai rushe ba.

A 1885 masanin lissafi Bafaranshe Joseph Boussinesq ya fitar da hanyar gano yadda nauyi ke bazuwa a cikin ƙasa. Gurbin da tayoyin gefe ɗaya na babbar mota ke dannawa bai wuce faɗin faifai ba. Bisa lissafinsa, idan aka nutsa rabin mita ƙarƙashin gurbin, matsin ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da yake a sama. Dalilin kaurin titi ke nan: a nisanta taya daga ƙasar gindi har matsin da zai iso gare ta ya zama wanda za ta iya jurewa.

Duk da haka, kowace taya ta wuce sai ƙasa ta ɗan lotsa ta dawo, kuma ba ta dawowa cif. Abin da ya rage bai kai a gani ba, sai dai yana taruwa. Bayan wucewa miliyan guda, kwarmi biyu sun bayyana a sawun taya. Ruwa ya kwanta a ciki, kwaltar da ta gaji da tanƙwaruwa ta tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan ya sauka, ƙasa ta ƙara laushi, lotsewar ta ƙara sauri. A ma'aunin masu binciken hanya na Ingila, kwarmin da ya kai zurfin milimita 20 alama ce ta titin da ya ƙare.

Siffar kwarmin tana tona asalinsa. Idan siriri ne, gefensa ya tattaro ya yi tozo, kwaltar ce ta yi laushi ta gudu, abin da zafin Afrilu mai haura digiri 40 yake taimakawa. Idan mai faɗi ne, kamar an danna katifa, to ciwon daga ƙasar gindi yake, kuma sabuwar kwalta a kansa kwalliya ce kawai.

Daga ido zuwa awo

Sanin cewa ruwa na raunana ƙasa daban, iya faɗin nawa ne daban. A 1911 masanin ƙasar noma ɗan Suwidin Albert Atterberg ya auna yawan ruwan da ke mai da yumɓu daga mai marmashewa zuwa mai mulmuluwa, da wanda ke mai da shi mai kwarara. Tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ita ce ma'aunin danƙonsa, kuma yumɓun da tazararsa ta yi faɗi shi ya fi kumbura da tsukewa. Maginan tukwane da tafin hannu suke gane wannan. Atterberg ya ba shi lamba.

A 1933 Ralph Proctor, injiniyan madatsun ruwa a Los Angeles, ya nuna cewa kowace ƙasa tana da ƙimar ruwan da take fi danƙaruwa da shi. Matan da suka yi daɓe a tsakar gida ba za su ji baƙon abu ba a nan: busasshiyar ƙasa ba ta kama madaɓi, wadda ta sha ruwa da yawa kuma sai ta riƙa zamewa, shi ya sa ake yayyafi ana duka. Motar tankin da ke gaban rola a wurin aikin hanya yayyafin nan take yi, kuma idan aka yi kuskure a ƙimarsa, ragowar danƙarewar tirela ce za ta ƙarasa ta bayan an buɗe hanya.

Gwajin da ya fi kowanne yaɗuwa daga Kalifoniya ya fito. Tsakanin 1928 da 1929, O. J. Porter na sashen hanyoyin jihar ya bi titunan da suka lalace da waɗanda suka tsira, ya fito da gwajin da ake kira CBR. Ana danƙare ƙasa a cikin gwangwani, a jiƙa ta kwana huɗu, sannan a tura mata ƙarfe mai faɗin kusan milimita 50 har ya nutse milimita 2.5. Ƙarfin da aka yi amfani da shi sai a gwada da wanda fasasshen dutse mai kyau yake buƙata. Dutsen shi ne 100. Burji nagari yana iya kai 80, jiƙaƙƙen yumɓun fadama kuwa yana iya tsayawa a 2 ko 3. A 1942 injiniyoyin sojan Amurka suka ɗauki gwajin don gina filayen jiragen yaƙi, daga nan ya zagaya duniya.

Sai dai CBR turi ɗaya yake aunawa. Yana iya cewa wannan ƙasa ta fi waccan, amma ba ya faɗin yawan motar da za ta wuce kafin kwarmi ya fito.

Da'irar Ottawa

Don amsa wannan, ƙungiyar hukumomin hanya ta jihohin Amurka, AASHO, ta gina da'irar titi shida kusa da garin Ottawa na jihar Ilinoyi, kowace da sassa masu kauri daban-daban. Daga 1958 zuwa 1960 sojoji suka riƙa zagaya biyar daga cikinsu da manyan motoci dare da rana, har kowane sashe da ya tsira ya ga wucewar aksul, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama, fiye da sau miliyan ɗaya. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 27.

Babban abin da aka gano shi ne ɓarna ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Idan nauyin aksul ya ninka biyu, ɓarnar tana ninka kusan 16, wato biyu sau biyu sau biyu sau biyu. Aka tsayar da aksul mai tan 8.2 a matsayin mudun awo. Da wannan mudu, aksul mai tan ɗaya, irin na ƙaramar mota, sai ya wuce sau 4,500 kafin ya yi ɓarnar mudu guda. Aksul mai tan 11.5, iyakar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita, kusan mudu huɗu ne. Mai tan 20 ya haura 35. A lissafi mai sauƙi, titin da aka tsara wa shekara 20 bisa zaton tan 8.2, idan tan 16.4 ne yake bi, cikin wata 15 zai cinye rabonsa.

Bayan Ottawa, bincike ya koma neman dalili maimakon dogaro da abin da aka gani kawai. Donald Burmister ya riga ya faɗaɗa lissafin Boussinesq zuwa ƙasa mai hawa-hawa tun 1943. A farkon shekarun 1960 masu binciken kamfanin Shell suka kawo ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: a lissafa yawan matsewar da saman ƙasar gindi zai yi a ƙarƙashin taya, a sa masa iyaka gwargwadon yawan motar da ake tsammani. A 1975 Carl Monismith da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka nuna, ta hanyar danna samfurin ƙasa sau dubbai, cewa lotsewa tana farawa da sauri sannan ta lafa. Amma lafawar tana da sharaɗi: idan matsi ya wuce wani mataki, ko ruwa ya ƙaru, ƙasar ba ta tsayawa. Tsarin da Amurka ta fitar a 2004 yana bin titi wata-wata a kwamfuta, da bayanan zafi da ruwan sama na wurin. Yau kuma ana koyar da na'ura hasashen daga tarin bayanan titunan da aka daɗe ana aunawa.

Duk wannan gini yana da rauni ɗaya a tushe. Gwajin Ottawa a kan ƙasa iri ɗaya aka yi shi, a yanayi ɗaya, kuma mafi yawan ɓarnar ta faru ne lokacin narkewar ƙanƙara. Lissafin da aka haifa a can bai san marmara ba, bai san wata bakwai na fari da wata huɗu na ruwa ba.

Ilimin ƙasar zafi

Cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila ta gane haka, ta fitar da jagora na musamman don ƙasashen zafi, Road Note 31, a 1962, ta sabunta shi a 1966 da 1977 da 1993. A Ghana, M. D. Gidigasu ya wallafa babban littafinsa kan marmara a 1976, inda ya nuna cewa busar da irin wannan ƙasa a tanda ko yawan cuɗa ta kafin gwaji yana iya sauya sakamakon. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, S. A. Ola ya yi nazarin yumɓun Arewa mai kumbura, har da na yankin Sakkwato, ya kuma shirya littafi kan ƙasar Najeriya a 1983. Kundin tsara hanyoyi na gwamnatin tarayya na 1973 a kan CBR ya dogara, aka sabunta shi a 2013, ƙa'idojin aiki na 1997 kuma suka nemi CBR 30 ga shimfiɗar ƙasa, 80 ga ta sama.

Bugun 1993 na jagoran Ingila yana da darasi biyu da suka dace da kwarin Rima. Na farko, ya ce a fara duba zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Idan yana kusa, shi ne zai mallaki danshin ƙasar gindi ko da an rufe sama da kwalta, domin ƙasa tana jawo ruwa sama kamar lagwani. Kusancin ya danganta da irin ƙasar: mita ɗaya a rairayi, mita uku a yumɓu mai yashi, har mita bakwai a yumɓu mai danƙo. A fadamar da manomi ke samun ruwa a gajeriyar rijiyar burtsatse da rani, da damina kuma ruwan ya hau kan ƙasa, babu shakka a wane aji take. A kan tudu kuwa ruwan yana nesa, abin tsoro shi ne wanda zai shigo ta gefe ko ta tsaga. Ke nan hanya ɗaya da ta sauko daga tudu ta ratsa fadama tsari biyu take buƙata, kuma kaurin da ƙasa mai CBR 2 ke nema yana iya ninka na mai CBR 15 sau biyu ko fiye.

Na biyu, ya hana tsara hanya da matsakaicin sakamako. Lambar da za a ɗauka ita ce wadda kashi 90 cikin 100 na gwaje-gwajen suka kai ko suka wuce, domin titi a inda ya fi rauni yake yankewa, kuma mita 200 da suka nutse sun isa su tsayar da kilomita 100.

Abin da ya sauya a kwarin

Hasashe yana tsayawa ne a kan zato uku: ƙasa, ruwa, nauyi. Biyu daga ciki sun motsa a kwarin Rima cikin shekara 50.

Ruwa ya fara. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Tun daga nan hawa da saukar gulbi ba a hannun damina kaɗai suke ba, har da ranar da aka buɗe ƙofa da ranar da aka rufe. A Satumban 2010 ambaliya ta yanke gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta gangaro ƙasar Kabi. Aka sake gani a 2012. Ta 2020 ta shanye ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa a Jihar Kebbi, ta lalata gadoji da hanyoyi, har da wadda ta ratsa fadama daga Birnin Kebbi zuwa Makera. Yankewar hanya ita ce take shiga labarai. Abin da ba ya shiga shi ne sassan da ruwa ya kwanta a jikinsu ya janye ya bar kwalta lafiya lau a ido. Cikon da ke ƙarƙashi yana ɗaukar makonni kafin ya tsane, kuma motar da ta bi a wannan tsakani tana cin shekarun titin da yawa a tafiya ɗaya.

Sai nauyi. Ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991 ya mai da Birnin Kebbi babban birni, da gine-gine da tifofin yashi da ke biye da hakan. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a jihar. Yarjejeniyar shinkafar Lake tsakanin Legas da Kebbi ta fara kai kaya kasuwa a Disamban 2016, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Duk wannan arziki ne, kuma a bayan tirela yake fita. Noman rani ya ƙara wani abu: gonar da ake ba ruwa a gindin cikon hanya a watan Maris tana rage wa ƙasar hutun bushewar da a da take samu. Titin da aka zana kafin wannan zamani, wata duniyar aka zana wa.

Kankare, da tambayoyin da suka rage

Tun 2023 Ministan Ayyuka David Umahi yake jan manyan ayyukan tarayya zuwa kankare. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar a Oktoban 2024, kilomita 258 nata a Jihar Kebbi suke, kuma da kankare aka tsara ta. Kankare yana da hujja: yana baza nauyi a fili mai faɗi, zafi ba ya narkar da shi. Amma shi ma a kan ƙasa yake kwance, kuma ba ya tanƙwaruwa. Idan ruwa ya wanke lallausar ƙasa daga ƙarƙashinsa, ko wani gefe ya nutse ya bar wani, karyewa yake yi, gyaransa kuma ya fi tsada. Karl Terzaghi ya bayyana tun 1925 cewa jiƙaƙƙen yumɓu da aka ɗora wa ciko a hankali yake matse ruwansa, wata da watanni ko shekaru. Shi ya sa mota take dukan baki a mahaɗar gada da hanya: gadar tana kan turaku masu zurfi, cikon kuwa yana ci gaba da sauka.

Magungunan sanannu ne. A ɗaga hanya sama da matakin ambaliya, a ba ruwa isassun kwalbatoci ya wuce maimakon hanya ta zame masa jinga. A kwashe mugun yumɓu ko a gauraya shi da ƙonanniyar farar ƙasa, rairayi kuma da siminti. A rufe kafaɗar titi, tunda danshi ta gefe yake shigowa, shi ya sa sawun tayar waje yake riga lalacewa. A bar ciko ya zauna kafin a rufe shi. A ɗora manyan motoci a kan sikeli. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun daɗe suna gwada tokar ɓuntun shinkafa wajen ƙarfafa burji, ga shi kuwa ɓuntu tuli yake a bakin kamfanonin casa.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne awo na gida. Lissafi komai kyansa, da na'ura komai basirarta, abin da aka ba su suke juyawa. Ɗan majalisa, da akanta, da ɗan jarida, da shugaban ƙungiyar manoma ba sa buƙatar digirin injiniya kafin su tambaya: rami nawa aka haƙa a kowace kilomita, kuma a wane wata? An jiƙa samfurin kafin a gwada? An auna nauyin motocin da ke bi, ko ƙirga su kawai aka yi? Wace ambaliya aka ɗauka ma'auni, ta 2020 ko ta shekarun fari? Amsoshin nan suna cikin rahoton ƙasa da ake rubutawa kafin a ba da kwangila, kuma tun ran gini ran zane.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, suna zaune a bakin ɗakin gwajin da Ottawa ba ta da irinsa: tudu da fadama a jere, rani da damina masu tsanani, da manyan motoci ba yankewa. Zaɓen 'yan sassa a hanyar Argungu da ta Makera, a riƙa auna kwarminsu da danshinsu kowane Afrilu da kowane Satumba har shekara goma, zai samar da abin da babu littafin waje da zai bayar. Kayan aikin ma ba masu tsada ba ne. Ɗaya daga cikinsu sandar ƙarfe ce mai tsini, da guduma mai kilo 8 da ake sakowa daga tsayin milimita 575, ana ƙirga yawan nutsewarta a kowane duka. Mutum uku suna iya gwada wurare da yawa da ita a wuni ɗaya. Jikar sandar fatake ce, bambancin kawai ita ana rubuta abin da ta faɗa.